Rasuwar 'Yar Lilo, Wadda Aka Kashe da Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, ni Iya mai guga ta hawa na uku nake sanar da mutanen gidan nan, da baƙinsu, da duk wanda ya tsaya karanta abin da aka liƙa a gindin matakala, rasuwar shukata 'Yar Lilo, wadda ta yi sama da shekara ashirin a rataye a bakin ƙofata ba ta taɓa ce wa kowa ci kanka ba. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ba ƙishirwa ba, ba ƙwari ba. Kashe ta aka yi, da ruwa, ido na ganin ido, kuma waɗanda suka kashe ta kullum sai sun ce min ina kwana.

Ni ban yi makaranta ba. Mai shagon buga takardu na bakin titi ne ya rubuta wannan, ina tsaye a kansa. Na sa ya karanta min daga farko har ƙarshe, na sake sa shi, kuma na ce duk harafin da aka san shi da ƙugiya ya sa masa ƙugiyarsa, ko da zai wuni yana yi. Dalili yana nan tafe. Wanda yake sauri ya wuce, ya dawo in ya samu sukuni, takardar ba inda za ta, da gam mai ƙarfi aka liƙa ta.

Marigayiyar 'yar asali ce. Yayata, wadda muka fito ciki ɗaya, tana aikin shara a wani ofis. Wata rana tana goge taga, tsummanta ya taɓa wata shuka da ke rataye, 'yan ganye suka zubo ƙasa. Ba ta share su ba. Ta ƙulle su a bakin zani, ta kawo gida, ta ɗora su a kan yashi cikin gwangwanin madara. Ɗaya ya kama. Da ciwon ajali ya kwantar da Yaya, ta sa aka ɗauko gwangwanin daga taga, ta miƙo min ta ce, "Ke mai ƙaiƙayin hannu, saurara. Wannan ba jaririya ba ce. In kina sonta, ki manta da ita. Sai kin ga ganyenta ya yamutse kamar fuskata, sannan ki ba ta ruwa." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Yaya ba ta bar hoto ba. Kayanta 'ya'yanta suka raba, zanin da aka ba ni ya ƙare a jikina. Abin da ya rage min wanda hannunta ya taɓa, yake kuma da rai, shi ne wannan shuka. Ku riƙe wannan, domin duk wanda ya sake ce min ciyawa ce, zan tuna masa da babbar murya.

Ga waɗanda suka yi shekaru suna wucewa ta gabanta ba su ɗaga kai ba, bari in faɗa muku kamanninta. Ba ta hawa sama kamar sauran shuke-shuke. Sauka take yi. Rassanta suna zubowa daga bakin tukunya kamar kitson da aka sake, kowane reshe a cike da ƙananan ganye masu ƙiba, a jere kamar duwatsun wuya, kore mai ɗan toka-toka, da wani farin gari a jikinsu kamar an shafa musu hoda. A cikin waɗannan ganye take ajiye ruwanta. Da guzurinta take zaune. Shi ya sa ba ta roƙon kowa.

Ban taɓa ha'intar ta ba. Tukunyarta ta ƙasa ce, mai huda a gindi, don ruwa ya shiga ya fita kamar baƙon kirki. Ƙasarta kaɗan ce, yawanci yashi ne mai tsakuwa da ɓaraguzan jan bulo da na daka da hannuna. Hasken safe take so. In rana ta take, sai in rataya mata tsohon mayafi a ƙarfen baranda, domin zafin tsakar rana yana ƙona mata baya. Nakan juya tukunyar lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya yi gashi gefe ɗaya ya yi sanƙo. Kafin in ba ta ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasar har ya nutse, in na ji ko ɗan sanyi, sai in mayar da butata. In kuwa ta bushe ƙamas, sai in ba ta ta sha ta ƙoshi, ya zube ta ƙasa, in ƙyale ta. Lokacin sanyi kuwa barci take, sai in yi kamar ban san ta ba. Shekarar da farin ƙwarin nan mai kama da auduga ya shige mata hammata, da tsinke na bi shi ganye-ganye ina cirewa, kayan gugar mutane suna jira, suna zagina. Ban damu ba. Ta warke.

Halinta kuwa, a kawo min wanda ya kai ta a gidan nan in gani. Ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa aron gishiri ba. Ba ta taɓa barin takalmi a matakala tsohuwa ta yi tuntuɓe ba. Ba ta shanya a igiyar wani. Tana kallon mai shiga da mai fita, ta san wanda ya dawo da wa, amma ba a taɓa jin magana ta fito daga wajenta ba. Aibinta ɗaya, ba ta son a taɓa ta. Ka shafe ta da garaje, sai ta zubar da ganye. Wannan kuwa ban ga laifinta ba, ni ma haka nake.

Maganarta kaɗan ce, kuma duk na haddace. In iska ta taso, sarƙar da take rataye tana cewa ƙii, ƙii, a hankali, kamar mai gyaran murya a bakin ƙofa. In na ba ta ruwa bayan dogon jira, ƙasarta tana cewa tsss, sannan gindin tukunya ya amsa, ɗis, ɗis, ɗis. In wani mara kunya ya goge ta da kafaɗa, ganye ɗaya zai faɗo a siminti ya ce taf. Wannan taf ɗin shi ne iyakar faɗanta. Yanzu iska tana tasowa, sarƙar ba nauyi, sai dai ta bugi bango.

Shekarun baya-bayan nan yanar ido ta rufe min gani. Kowa ya sani, domin kun sha ganina ina laluben makulli. Ita kanta marigayiyar sai dai in gan ta kamar koren hayaƙi. Da bayan yatsa nake duba lafiyarta, a hankali, don kada ta yi fushi. Da aka ce za a yi min aiki, likita ya ce, "Iya, in an gama har zare za ki sa a allura." Na ce, "Likita, ni allura ba ta dame ni ba. Akwai wadda nake so in gani." Aka yi min ido ɗaya, aka jira, aka yi ɗayan. Duk tsawon jinyar ina gidan 'yata a can ƙarshen gari, ba a barina ko sunkuyawa.

A nan ciwon ajalin marigayiyar ya fara, kuma daga waya ya fito.

Autana, bakaniken nan da kuka sani, ya zo duba ni da kayan aiki a jikinsa. Ina kwance, ido a naɗe. Na ce, "Auta, ka gaya wa mutanen gidanmu, kar a ba ta ruwa. Sanyi ake, barci take yi. Na san su da karambani."

Ya ce, "Yanzu kuwa, Inna." Na ji yana danne-danne. Ya ce, "Shi ke nan, na tura a gurup ɗin masu haya, kowa zai gani."

Na ce, "Me ka rubuta?"

Ya ce, "Abin da kika ce mana, Inna. Ki kwanta ki huta."

Abin da ya rubuta, mai buga takardu ya gani da idonsa, kuma ga shi nan yadda yake, ba a gyara ba: kara bata ruwa.

Ni da ban san baƙi ba, sai da aka zaunar da ni aka nuna min. Ashe a rubutu, in ba a sa ƙugiya ba, ba a kuma raba kalmomi ba, magana ɗaya sai ta haifi uku. Ana iya karanta shi kar a ba ta ruwa, wanda shi ne abin da ya fito daga bakina. Wani ya karanta ƙara ba ta ruwa. Wani kuma ya karanta kar a ɓata ruwa. A gidan nan mai hawa uku, cike da masu waya a hannu har a banɗaki, ba a samu mutum ɗaya da ya karanta ta farkon ba.

Ba zan wanke Auta ba. Ya sha nasa a ɗaki, kuma bai gama sha ba. Yatsansa na kwance ƙusa ne, in ya danna harafi ɗaya sai na kusa ya ji ciwo. Amma ina tambayar sauranku: wayar nan rubutu kaɗai take yi? Ba ta magana? Wanda ya ga saƙo mai fuska uku, me ya hana shi bugowa ya ce Iya, wanne kike nufi? Ido aka naɗe min, ba kunne ba.

Mai ɗinki, wadda ɗakinta yake ƙarƙashin nawa daidai a hawa na biyu, ita ta karanta ƙara. Matar da ba ta taɓa hawowa ta tambayi jikina ba, sai ga ta safe da yamma da buta cike. Maigadi shi ya karanta kar a ɓata. Ya ce ya ɗauka tsohuwa tana wa'azi ne a kan almubazzaranci. Don haka in ya gama wanke matakala, maimakon ya zubar da ruwan a kwata yadda ya saba, sai ya ɗauko bokitin, da sabulunsa da maganin wanke banɗakinsa da dauɗar takalman jama'a, ya hawo da shi har sama ya juye wa marigayiyar. Wannan mutumin da ke ce min gwiwa ta hana shi hawo min da tukunyar gas. Shugaban masu haya kuwa, wanda muka zaɓa don ya sa ido a kan komai, ya ga saƙon ya aiko da hoton babban yatsa. Har yau bai iya gaya min wacce daga cikin ukun yatsan nasa ya yarda da ita ba.

Duk da haka da ta tsira. Tana da huda a gindi, tana zubarwa, tana kare kanta iyakar ƙarfinta. Amma ruwan da take zubarwa a barandar Mai ɗinki yake sauka, a kan kekenta, a kan kayan mutane. Mai hankali da ya ga tukunya tana zubar da ruwa haka, sai ya ce ta ƙoshi. Ita ba ta ce haka ba. Ta ɗauko kujera, ta hau, ta cusa ƙyallaye a kowace huda har ta toshe su tam, ta sauko, washegari ta dawo da butarta. Kamar ka toshe wa mutum hanci ka ce ya ƙara sha.

Ranar da na dawo, da sababbin idanuna, ina ganin komai tar, har tsagar bango da ban san da ita ba. Tun daga matakala ta ƙarshe wari ya tare ni. Na ɗaga kai. Abin da na fara gani da kyau a gidan nan, bayan shekarun duhu, gawarta ce. Ganyen nan masu ƙiba sun zama rawaya, sun yi ruwa, ana ganin haske ta cikinsu. Gindin rassan ya yi baƙi, ya yi laushi, in ka taɓa sai ya biyo yatsa. Ƙasar ta zama taɓo, kumfa a kanta, ƙananan ƙudaje suna shagali. An gyara min ido don in ga wannan.

Ban zauna kuka ba. Na cire mayafi, na yanke duk kan reshen da na ga da sauran kore, na shimfiɗa su a kan busasshen yashi a inuwa, yadda Yaya ta koya min. Da ruwa ne kaɗai, da wasu sun tashi. Amma ruwan Maigadi ya riga ya shiga jininta. Ɗaya bayan ɗaya suka baƙanta. Ganye na ƙarshe na ajiye shi a bakin taga ina dubawa kamar mai jinya. Wata safiya na tarar ya lotse a inda yake, ko taf bai ce ba. A nan rai ya yi halinsa. Allah ya ba ni haƙurin rashinta. Haƙurin masu laifi kuwa ban roƙa ba tukuna.

Na bi su ɗaya-ɗaya, don kada a ce na kai ƙara bango ban nemi mutum ba.

Maigadi ya cire hula ya ce, "Wallahi Iya lada nake nema." Na ce, "Ka samu. Ka je ka sha kofi ɗaya na wannan ruwan, in ka tashi lafiya na yafe." Ya ce, "Haba Iya." Na ce, "Haka ita ma ta ce, ba ka ji ba ne."

Shugaba yana goge motarsa, ko juyowa bai yi sosai ba. Na ce a kira taro. Ya ce, "Iya, a kan fulawa za mu tara magidanta? Ki bari a yi karo-karo a sayo miki wata a wajen masu sayarwa, har wadda ta fi ta kyau." Na ce, "In mahaifiyarka ta rasu, Allah ya nisanta, mu ma za mu yi karo-karo mu sayo maka wata tsohuwa a tasha, har wadda ta fi ta tsawo." Ya ce na cika zafi. Taron da ya hana ni, shi ne wannan da kuke tsaye kuna yi yanzu.

Auta kuwa, don ya wanke kansa, sai ga shi da shukar roba daga kanti, wai ita ba ta mutuwa. Na ce ya rataya ta a garejinsa, shi ya dace da abin da ba ya jin magana.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, mai jinyarta. Ta bar tukunya ɗaya da na wanke na kife, da sarƙa, da ƙugiya a silin. Ta bar wata tsaka da ke kwana a bayan tukunyar tun ba a san ranar zuwanta ba, yanzu tana yawo a bango ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta kuma bar 'ya ɗaya tak a duniya, kuma 'yar tana tsare a hannun wadda ta kashe uwar.

Ga yadda aka yi. Shekarun baya, reshen da ya fi kowanne tsawo ya wuce ƙarfen barandata, ya sauka har yana leƙa hawa na biyu. Wata safiya na shafa na ji ya gajarce. Na bi bakin yankan da yatsa, na ji haƙora-haƙora. Almakashi mai haƙora guda ɗaya ne a gidan nan, kowa ya san kan teburin da yake kwana. Na sauka na tambaye ta. Ta ce, "Iska ce, Iya." Na ce, "To, Allah ya kyauta, iska ta fara yawo da almakashi." Lokacin ba ni da idon gani, na haɗiye. Yanzu ina da shi. Duk wanda yake so ya wuce ta gaban tagar Mai ɗinki ya dubi bayan labule, ɓangaren hagu. Tana nan a cikin gwangwanin fenti, ta yi kyau, ta zubo har ƙasan taga. Ta yi kyau ne domin matar ta manta da ita, yadda take mantawa da ɗinkin mutane. Tata ba ta ba ta ruwa. Tawa ta ga dama.

Na je na tsaya a gaban kekenta. Na ce, "Ke 'yar nan, na zo karɓar jikar Yayata."

Ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. Ta ce, "Wace jika kuma, Iya? A kasuwa na sayi abata."

Na ce, "Wajen wa?"

Ta ce, "Mutumin ya tashi."

Na ce, "Shi da iskar suka tashi tare?"

Ta tsayar da keken ta ce, "Iya, daga taimako sai ya zama tsiya? Ni na rubuta saƙon? Ɗanki ya ce a ƙara, na ƙara. Kuma ma ai ita ta sauko min da kanta, kullum tana shiga min cikin zare, sai in zuba mata ido?"

Na ce, "Madalla. Ashe ba kasuwa ba ce."

Ta ce, "Ni ban ce komai ba." Ta kwashe kayanta ta shige ɗaki, ta ja labulen ya rufe gwangwanin. Matan da ke zaune a benci suna jiran awo sun ji, kuma sun san kansu.

To, ga abin da nake nema, a rubuce, da ƙugiyoyinsa. Ba na son kuɗin kowa. Ba na son wata shuka, ko da ta zinariya ce. Ba na ma neman gwangwanin gaba ɗaya, ko da yake nawa ne, domin ita 'yar ta saba da wannan tagar, ba zan tayar da marainiya daga inda take jin daɗi ba. Reshe ɗaya nake so, lafiyayye, tsawon kamu. Na tsufa, ba ni da wasu shekaru ashirin na fara sabawa da baƙuwa. Ina so kafin in bi Yaya in ga abinta yana lilo a ƙofata da idon da aka gyara min. Wannan kaɗai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a ɗan filin da ke bayan tankin ruwa. Gawar tana naɗe a tsohon mayafinta na rana. Auta ne zai haƙa rami, da hannu, ba da shebur ba, ko yatsun nan nasa sa koyi bin abu a hankali. Maigadi ne zai sauko da bokitin taɓon da na kwashe daga tukunyar, wanda na rufe na adana masa, kuma ba a yarda ya toshe hanci ba. Shugaba zai tsaya a kan ramin ya faɗa da bakinsa, yadda na bayan taro zai ji, cewa ba ciyawa ba ce. In ya ga abin ya yi masa nauyi, ya sauka daga kujerar, akwai masu baki a gidan nan.

Mai ɗinki za ta zo da reshen a hannunta. Ta yanka shi da reza mai tsabta, ba da wancan almakashin ba, ta ɗora shi a faranti busasshe, kada ta tsoma shi a kofi wai don kada ya yi yaushi. Ta miƙo min a gaban jama'a. Ba sai ta ce komai ba, na gaji da jin bakinta.

In kuwa hantsi ya wuce ba ta fito ba, to akwai sauran shiri. Ƙyallayen da ta cusa a gindin tukunyar suna wajena. Da na zaro su na ga ba guntayen shara ba ne, dogaye ne, sababbi, irin waɗanda ake yankewa a ɓoye kafin a ce wa mai kaya yadinki bai isa ba, sai kin ƙaro. Na wanke su, na goge su, sun fito fes. Ni mai guga ce, rigar da ba ta bi ta ƙarƙashin dutsena ba a unguwar nan kaɗan ce, na san kowane ƙyalle da wuyan da yake sa uwarsa. Zan shanya su a igiyar tsakar gida, in kawo kujera in zauna, duk matar da ta zo awo in kira ta ta duba ko akwai nata. Mai shuɗin leshin nan da aka ce wa hannu ɗaya bai fita ba, ki zo da wuri.

Ba za a yi rabon komai ba, ba shayi, ba ruwan sha. Masu son gaisuwa su hawo da ƙafarsu, ƙofata a buɗe take, amma kowa ya tsaya nesa da bakin taga, domin a nan reshen zai kwanta har bakin yankan ya bushe kafin in ɗora shi a kan yashi, kuma ba na neman taimakon kowa.

Wasu sun fara aiko min da maganar yafiya, wai zaman tare. Na ji. Za mu yi wannan maganar ranar da na ɗaga reshen a hankali na ji ya riƙe ƙasa. In bai kama ba, za ta sake yanko wani, mu sake jira. Ni ina da lokaci, ita kuma tana da rassa.

Mai sanarwa, cikin alhini,
Iya mai guga, hawa na uku.